Ƙafar Farko a Matakalar Kelhope

Duk wanda ya ce muku yayana Ringan mugu ne, bai san shi ba. Da mugu ne ma da na huta, don mugu kowa ya san shi, sai a kauce masa. Ringan mutum ne mai riƙon al'ada, sai dai al'adar da yake riƙewa kullum ita ce wadda ta zo daidai da abin da ransa yake so a ranar. Ni ce Gelis, ƙanwarsa, ciki ɗaya muka fito, don haka kada wani ya zo yana koya mini halinsa.

Kakanmu ne ya gina hasumiyar Kelhope, kuma da tsoron maharan tsallaken iyaka ya gina ta. Shi ya sa ya kai ƙofar zaure can sama a jikin bango, tsayin mutum uku daga ƙasa, ba a isa gare ta sai da tsanin katako. Da an hango hayaƙin kashedi a kan dutsen kudu, sai a kora shanu ɗakin ƙasa, mutane su hau, a janye tsani, a rufe ƙyauren ƙarfe. Ɗakin ƙasan rufinsa bakan gizo ne na dutse, ƙofarsa daban take, gajeriya, kuma ta ciki ake tokare ta. Ba abin da ya haɗa shi da zauren da ke samansa sai wata 'yar kafa a rufin, wadda guga ke wucewa amma kafaɗar mutum ba ta wucewa. Dole a bar namiji ɗaya a ciki ya tokare ƙofa ya zauna da shanun har mahara su tafi. Bi da bi ake yi, don ba mai son wannan zaman. Kowa ya san abin da mahara ke yi wa ɗakin ƙasa in ransu ya ɓaci: su tara jiƙaƙƙiyar ciyawa a bakin ƙofa su cinna mata wuta.

Mijina Mungo ba da gurguntaka aka haife shi ba, a bin sawun shanun Ringan ya same ta. Wata kaka aka kwashe garken, maza suka hau dawakai suka bi, suka dawo da shanu cif, ko ɗan maraƙi bai ɓata ba. Ni kuma aka dawo mini da mijina kwance a kan ƙyauren wani gida, mashi ya shige ƙugunsa ya kashe masa ƙafar hagu. Ya warke. Yana tafiya da sanda a hammata, yana hawa tudu in an ba shi lokaci, amma tsani ya fi ƙarfinsa. Sau ɗaya aka gwada jan sa da igiya. Mungo ƙato ne, igiyar ta dinga juyawa da shi a jikin bango kamar buhun sha'ir, samari suna ƙunshe dariya. Da aka sauko da shi ya rantse ba za a ƙara ɗaura masa igiya ba. Daga ranar aka daina bi da bi. Ba wanda ya zauna ya yanke hakan, kawai dai tun da ga mutumin da ba ya iya hawa, sai zaman ɗakin shanu ya zama nasa.

Mutumin da a da yake zama a hannun daman Ringan a zaure, shi ne ya koma in ana bikin Kirsimeti sai in zura masa nama da giya a guga ta kafar nan, yana jin kiɗa da tsalle a kansa. Bai taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan ma yana cikin abin da yake ba ni haushi da shi. Iyakarsa in wani ya sauko daga rufin hasumiya ya tambaye shi ko ƙanƙara ta sauka a kan tsaunin garinsu, don daga can sama kaɗai ake hango shi. Ni kuwa duk ranar da aka ga hayaƙi, ina sama ina tunanin ciyawa.

Ban san iyakar zuwan da na yi wa Ringan a kan maganar matakala ba. Na roƙe shi da girman mahaifiyarmu. Na tuna masa wanda aka soka a kan shanunsa. Na yi kuka, na yi zagi, na aika masa da fadan cocinmu. Amsarsa ɗaya ce ba ta sauyawa: kakanmu ba wawa ba ne, tsani ana janye shi, matakalar dutse kuwa ba a janye ta, duk wanda ya gina ta ya shimfiɗa wa ɓarawo tabarma. Abin takaicin, gaskiya ya faɗa. Na haɗiye ta da ɗacinta na koma gida, shekara da shekaru muna a haka, har 'yarmu Jonet ta girma aka yi mata aure a wani kwari.

Sai matar Ringan ta rasu, ya yi zaman da zai yi, ya nemo wata a birnin bakin teku, 'yar wani attajiri mai jiragen ruwa, sunanta Eufame. Aka ɗaura aure a ƙofar cocinsu, aka ce sai bayan girbi za a kawo ta. Uban ya biyo Ringan don ya ga inda 'yarsa za ta zauna. Ya tsaya a tsakar gida da ƙaton cikinsa, ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, ya dubi tsani, ya ce 'yarsa ba kaza ba ce da za ta dinga hawa sanda in za ta kwanta. Ya faɗa ne yana dariya. Mako bai zagayo ba sai ga magina a Kelhope da igiyoyin awonsu.

Ina kwaɓa gurasa aka gaya mini. Ko hannu ban wanke ba na haye tsanin. Na same shi a zaure da babban magini, sun zana abu a kan tebur da gawayi.

"Yaya, ina kakanmu ya shiga?"

Ya ce wane kaka.

"Wanda kake jawo mini duk ranar da na ce matakala. Ko shi ma ya hango amaryar ne daga kabari ya sauya shawara?"

Maginin ya sunkuyar da kai yana ta goge gawayi da babban yatsa. Ringan ya fara borin kunya. Wai zamani ya sauya, wai sarakunan ƙasashen biyu sun yi sulhu, wai duk manyan gidaje yanzu matakala gare su, shi kaɗai ake yi wa dariya. Na ce sulhun da aka yi wancan karon ma ai a cikinsa aka soke Mungo. Sai ya buga tebur.

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa, Gelis. Ba matakala kike nema ba? To ga ta nan za a yi. Mijinki zai hau, zai zauna inda ya saba zama. Me kuma ya rage na faɗa?"

Abin faɗa bai ƙare ba, amma na yi shiru, don ko ta wace hanya ta zo, matakala dai matakala ce. An wulaƙanta ni, na sani. Ƙafar mijina ba ta isa a ɗora dutse a kan dutse ba, sai bakin zanen wata da ko fuskarta ba mu gani ba. Na ce ba komai, in dai Mungo zai bar ɗakin shanu, zan haɗiye wannan ma.

Shi kuwa Mungo sai ka ce an yi masa albishir da aljanna. Shi ya dinga kora shanun da ke jan duwatsu daga rafi. Kullum yana gindin aikin, yana ba magina labari, yana ɗauko musu giya daga gidanmu. Ya lallaɓa babbansu ya rage wa kowane taki tsayi, wai don amarya kada ta gaji, maginin ya dube shi ya dubi sandarsa ya ce ya ji. Da yamma sai ya je wurin dutsen da ake takawa a hau doki, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, har gumi ya jiƙa masa riga. In na ce ya isa haka, sai ya ce so nake ya ba ni kunya a gaban mutane ranar hawa. Ya sa na fito masa da rigarsa ta biki daga akwati na shanya ta.

Aka gama bayan girbi. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau. Ta taso daga tsakar gida ta bi jikin bango ta kai ga wani ɗan dandamali a bakin ƙofar zaure, an shafe gefenta da farar ƙasa. Da safe muka fito, ni da Mungo, yana sanye da rigar nan. Muka tarar an gicciya jan zare a kan takin farko, an ɗaura masa reshen rowan, itacen da muke korar maita da shi. Tsani kuma yana nan a jingine a ɗaya gefen dandamalin.

Ban buƙaci a yi mini bayani ba. A wajenmu ƙafar da ta fara taka sabon abu ita ke shigo da sa'ar gida ko tsiyarsa. An fi son ƙafar amarya, ko ta lafiyayyen namiji mai baƙin gashi. Wadda ake gudu kuwa ta mai jan gashi ce, da ta mai harara garke, da ta gurgu. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa magina suka dinga shimfiɗa katako a kan kowane dutse suna aiki. Ringan ne ya sa su, don kada a ce sun taka. Ya leƙo daga sama ya ce mana mu yi haƙuri, 'yan kwanaki ne kawai, ya riga ya aika rabin mazan gidan su taho da amarya. Tana takawa, Mungo ne na biyu.

Zan buɗe baki Mungo ya riƙe mini hannu. Ya ce wanda ya jira shekaru ai zai jira kwanaki. Muka koma, ya cire rigar ya ninke ta da kansa.

Abin da Ringan bai lissafa ba shi ne, labarin rabin maza sun bar gida yana da ƙafa, kuma ya fi amarya sauri. Mahara da dare suka saba zuwa. Waɗannan da hantsi suka zo, don sun san ba mai tare su. Muna tsakar gida muna zuba wa naman da za mu ajiye don lokacin sanyi gishiri sai wata mata ta ce ga hayaƙi a dutsen kudu.

Aka yi abin da aka saba. Aka koro shanu daga makiyayar kusa aka tura su ɗakin ƙasa. Mata suka ɗebo yara da tukwane suka yi layi a gindin tsani. Ku dubi wannan da kyau, don har in mutu ba zan daina ganinsa ba. Ga matakala shimfiɗe, faɗinta ya ishi mutum biyu su jera, ga mata masu goyo da tsofaffi suna ta cunkoso a kan tsanin katako ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wadda ta ko kalli jan zaren nan. Ringan yana tsaye a gaban matakalar da takobi a ɗamare, kamar daga cikin gida abokan gaba za su fito.

Na ja Mungo har gabansa. Na ce yau ba ranar zare ba ce, ya matsa. Ya ce in hau tsani in bar shi da abin da ya dame shi. Na kai hannu zan tsinke zaren, ya cafke mini wuyan hannu.

"Kina so ki jawo wa gidan ubanki tsiya da hannunki? In da wani ne ma da sauƙi. Kin san abin da ake faɗa a kan irin ƙafarsa."

"Irin ƙafarsa? A ina ya samo irin ƙafar tasa, Yaya? A kasuwa ya saya?"

Bai sake ni ba. Na juya wajen Mungo ina jiran ya buɗe baki sau ɗaya a rayuwarsa ya ce wani abu don kansa. Da ya ce zai hau, wallahi da haƙorana zan tsinke zaren. Sai ya dubi matakalar tun daga ƙasa har sama, ya girgiza kai.

"Bar shi, Gelis. In na taka, gobe yarinyar nan ta yi ɓari ko saniya ta mutu, ƙafata za a ce. Ban da haka ma, wa zai tokare wa shanu ƙofa?"

Na ce to tare za mu zauna. Ya ce in na shiga wa zai zuro masa ruwa. Ya juya da sandarsa, ya sunkuya ya shige gajeriyar ƙofar, na ji ya zura gungumen. Maza biyu suka tura ni kan tsani. Ringan ne ya hau a ƙarshe. Sannan, don ku san irin mutanen da nake zaune da su, suka haɗu suna nishi suka janye tsanin suka shigo da shi zaure, suka rufe ƙyauren ƙarfe, suna sauke ajiyar zuciya wai an tsira. Matakalar tana nan inda take.

Ta tagar harbi na ga shigowarsu. Suka tsaya a tsakar gida a kan dawakansu suna kallon sabon ginin, wani ya faɗi wata magana duk suka kwashe da dariya. Ɗaya ya sauka, ya cire hular ƙarfensa don ya share gumi. Gashinsa ja wur kamar garwashi. Ya zo ya sa takalmi ya tsinke zaren, ya shure reshen rowan gefe, ya hau a hankali, taki bayan taki, sauran suna biye da shi da gatura. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na waiwaya na dubi Ringan don in tabbatar ya gani, kuma ya gani.

Ƙyauren katako na waje bai daɗe ba, amma na ƙarfe ya riƙe, don kakanmu da gaske ba wawa ba ne. Mazanmu suka dinga suka da masu ta ramukan ƙarfen, wasu suna sako duwatsu daga rufi. Wani dutse ya sami ɗaya daga cikinsu a ka, ya gangara matakalar bai ƙara motsi ba. Ashe ƙanen shugabansu ne. Da ba su sami hanyar hawa ba, da shanu kawai za su nema, su gaji su tafi. Yanzu an yi musu gawa. Suka sauka suka nufi rumbun ciyawa.

Na kwanta rub da ciki a bakin kafar ina kiran Mungo. Ya amsa daga cikin duhu, muryarsa kamar kullum, wai in zuro ruwa da tsummoki. Na zura guga bayan guga. Na ce masa ya buɗe musu, su kwashe shanun, su tafi da su can su ƙarata. Ya ce in ya buɗe me yaran Kelhope za su ci kafin bazara, kuma bayan gawar da aka yi musu, ina jin za su bar shi ne don ya buɗe? Shanu suka fara kuka suna tunkuɗar bango. Hayaƙi ya fara tasowa ta kafar, fari, mai kauri, ya cika zauren. Jarirai suka shiga tari, wata tsohuwa ta faɗi.

"Baban Jonet, kana ji na?"

"Ina jin ki. Na toshe ƙasan ƙofa da bargona. Ki ja da baya, kina shaƙa."

Ringan ya zo da maza biyu suna jan faifan dutsen da ake rufe kafar. Na yaƙushe shi, na cije shi a hannu, har yau tabon yana nan. Suka ɗaga ni suka rufe. Mutane suna zaton wannan ne abin da na riƙe shi da shi, suna zuwa suna yi mini wa'azi wai akwai jarirai a zauren. Na san akwai jarirai, ni ma na ji tarinsu. Ba rufe kafar ba ne. Abin da ban yafe ba tun da hantsi aka yi shi, a gindin matakala, sararin sama tas, ba ko ɗigon hayaƙi a tsakar gidan.

Sai bayan azahar maƙwabta da suka ga wutar kashedin da muka kunna a rufinmu suka iso. Mahara suka ɗauki gawarsu, suka kora tumaki da dawakan da ke waje suka yi kudu. Aka watsa wutar ciyawar, aka fasa ƙofa da gatari. Shanu suka fito suna tangaɗi, kaɗan ne suka mutu, bargon nan ya yi aiki. Mungo yana kwance a bayan ɗakin, fuskarsa a bakin magudanar fitsarin shanu, inda 'yar iska ke shigowa. Aka fito da shi tsakar gida da sauran numfashi. Na ɗora kansa a cinyata. Ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan zarto.

Ya tambayi shanu, na ce suna nan. Can ya ce ya ji takun takalma a jikin bango, wa ya fara takawa? Na gaya masa. Na ce wani ɓarawo ne mai jan gashi. Sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Da ya lafa ya ce:

"To, madalla. Ba ni ba ne dai."

Bai kai faɗuwar rana ba. Ina son mutumin nan fiye da raina, amma ban taɓa jin haushinsa kamar na wannan maganar ba. Ya mutu yana murna bai ɓata wa Ringan matakala ba.

Washegari Ringan ya zo ƙofar gidanmu, hannunsa a naɗe da tsumma, idanunsa sun kumbura. Ya yi kuka, ban hana masa wannan ba. Ya ce Mungo ya mutu mutuwar maza, ya ceci abincin kwarin nan gaba ɗaya, don haka ba a bukka za a yi zaman gawarsa ba. A zaure za a shimfiɗa shi, a kan babban tebur, da kyandir na kakin zuma, kamar yadda aka yi wa mahaifinmu. Shi da kansa zai kama makara a hau da shi ta matakala. Yana faɗa yana kallona, yana jiran in gode.

Na ce, "Yanzu da ɓarawo ya taka ta, ta yi daidai da gurgu ke nan."

Ya ce kada in yi masa haka, girmama shi yake so ya yi. Na ce ihu bayan hari. Lokacin da yake da numfashin hawa an ce ƙafarsa tsiya ce, yanzu da za a ɗauke shi ƙafar ba za ta taɓa dutse ba, shi ne aka tuna da girmansa. Na ce mijina ba zai hau ba. A inda ya yi bikin Kirsimetinsa duk shekarun nan, a nan za a yi zaman gawarsa, wanda ke son yi masa ban kwana ya sauko ya same shi.

Fada ya zo ya ba ni baki, mata suka zo, Jonet ma da ta iso ta ce in bari. Na ce gawar mijina ce. Muka share tsakiyar ɗakin shanu iya yadda zai sharu, bangon baƙi ƙirin, ƙauri yana shiga ido. Muka ɗora ƙyauren da aka fasa a kan duwatsu biyu, muka shimfiɗa shi a kai da rigarsa ta biki, sandarsa a gefensa. Mutanen kwarin suka dinga zuwa, kowa ya sunkuya ya shigo. Ringan yana sama, ina jin takunsa a kan rufin yana kai da kawowa.

Ana cikin haka da la'asar sai ga masu rakiyar amarya, da algaitarsu da ta yi shiru tun daga bakin rafi. Wani ya gaya mata abin da ya faru tun kafin ta sauka daga doki. Na zaci za a wuce da ita sama. Sai na ga ƙofa ta yi duhu, ga wata 'yar siririyar yarinya ta tattare doguwar rigarta ta shuɗin ulu ta shigo. Ta durƙusa a gaban gawar, a kan kashin shanun da ya ƙi sharuwa, ta yi addu'arta. Sannan ta matso kusa da ni ta kira ni Yaya, ta yi mini gaisuwa. Na so in tsane ta, na daɗe ina shirin hakan, amma ban sami inda zan kama ba.

Ta yi ƙasa da murya ta tambaye ni ko gaskiya ne saboda ita aka yi matakalar. Na ce gaskiya ne, ubanta ya ce ba ta iya hawa tsani. Ta dube ni kamar ba ta fahimta ba.

"Ni? Tun ina ƙarama nake hawa tsanin rumbun kayan babanmu, ya fi wannan tsawo. Ba wanda ya tambaye ni."

Na matsa mata ta zauna a kan bambaron da nake kai.

Labari ya kai wa Ringan cewa amaryarsa tana ɗakin shanu. Muka ji saukowarsa ta matakala, don tsanin ba a ko mayar da shi ba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ba ma ganin komai sai sababbin takalmansa na biki da gwiwoyinsa. Ya daɗe a tsaye. Tun da ya gaji gidan bai taɓa zaman ɗakin nan ba, bi da bin ma ba ta taɓa zuwa kansa ba. Kowa yana jira. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa na ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.

"Sunkuya, Yaya. Ƙofar gajeriya ce. Shi da ƙafa ɗaya yake shigowa."

Ya sunkuya, amma bai sunkuya sosai ba, goshinsa ya bugi dutsen saman ƙofar. Ba wanda ya ce masa sannu.